Na cire wa hotona kala, sai ya koma toka: ina kuskuren yake?

Tambaya: Ina da hoton da na ɗauka da waya: jajayen furanni cikin koren ganye, sama shuɗiya da ɗan gajimare. Ina so in mai da shi baƙi da fari in sa a fuskar kwamfutata. Da na cire kalar sai hoton ya mutu murus, furannin suka ɓace cikin ganye. Da na ɗora shi kuma, sama ta yi layi-layi kamar matakala. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, hotonka lafiyarsa ƙalau, wayarka ma ba ta da laifi. Abin da ya faru shi ne ka bar wa manhaja hukuncin da kai ya kamata ka yanke. Matsala biyu ka kawo, kuma kowacce da tushenta. Ɓacewar furannin wajen cire kala ta samo asali, layi-layin sama kuwa wajen gyara da adanawa ne. Bari mu fara da ta farkon, don ita ce uwar matsalar.

Duk hoton da ke cikin kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fikzil. Kowane ɗigo yana riƙe da lamba uku, ta ja, ta kore da ta shuɗi, kowacce kuma tana tsakanin 0 da 255. Ruwan toka shi ne inda lambobin nan uku suka zo ɗaya: in duka 0 ne, baƙi ƙirin ke nan, in duka 255 ne fari fat, in 128 ne toka ta tsakiya. Wato mai da hoto baƙi da fari shi ne a dunƙule lamba uku su koma ɗaya. Kala sama da miliyan 16 za a cusa cikin mataki 256 kacal. Babu makawa sai kaloli da yawa sun faɗa gurbi ɗaya, kuma wanda ya tsara yadda za a dunƙule lambobin shi ya zaɓi waɗanda za su haɗu.

Hanyar da manhajoji da yawa suke bi ta yi la'akari da idon ɗan Adam, wanda ya fi ganin haske a kore, sannan ja, shuɗi na can ƙarshe. Tsarin da aka fitar wa talabijin a 1982, wanda JPEG ma yake amfani da shi, yana ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 daga ja, 59 daga kore, 11 daga shuɗi. Na talabijin mai tsabtar hoto da ya biyo baya ya ƙara wa kore, ya koma kusan 21, 72 da 7. To mu gwada da hoto irin naka. A ce furenka yana da ja 200, kore 40, shuɗi 40. Ganyen kuma ja 60, kore 120, shuɗi 50. In ka yi lissafin farkon, furen zai ba ka 88, ganyen 94. Tazarar 6 cikin 256! Ido ba zai raba su ba. A hoton mai kala ja da kore ne suka raba fure da ganye, haskensu kuwa kusan ɗaya ne tun asali. Da kalar ta tafi, abin da ya raba su ya tafi da ita.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan ɓarna, kuma ita mutane suka fi kai wa hannu: umarnin Desaturate na Photoshop da makamantansa. Wannan yana ɗaukar babbar lamba da ƙaramar ne ya raba tsakiya. Rawaya tsantsa da shuɗi tsantsa duka 128 suke komawa, alhali duk mai ido ya san rawaya tana walƙiya, shuɗi kuwa duhu ne. A lissafin 30, 59, 11 rawaya 227 take bayarwa, shuɗi 28. Dubi nisan da ke tsakaninsu, amma aka shafe shi da danna maɓalli ɗaya.

Yanzu ka sake duba lambobin furen da ganyen. In da lambar ja kaɗai za a ɗauka, fure 200 ne, ganye 60: furanni masu haske a kan duhu, kamar fitilu. In da ta kore ce kaɗai, fure 40, ganye 120: furanni baƙaƙe a kan ganye mai haske. Hoto ɗaya, sakamako biyu masu hannun riga da juna, kuma dukansu sun fi tokar da ka samu. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda na koya wa wannan aiki cewa kalar nan da yake gaggawar zubarwa ita ce kayan aikinsa. Da ita ake gina baƙi da farin.

Masu ɗaukar hoto na zamanin fim sun san wannan tun kafin a haifi kwamfuta. Fim ɗinsu baƙi da fari ne, amma sai su ɗaura gilashi mai kala a bakin kyamara. Ƙa'idar mai sauƙi ce: gilashin yana haskaka abin da ke da irin kalarsa, yana duhunta kishiyarta. Rawaya tana ɗan duhunta shuɗin sama gajimare ya fito, ruwan lemo ya fi ta, ja kuwa yana iya mai da sama kusan baƙa da rana tsaka. A 1927 Ansel Adams, ɗan Amurka, ya ɗauki dutsen Half Dome da ke Yosemite da gilashin rawaya, sai ya ga ba abin da ke ransa ke nan ba, ya sauya da ja mai duhu ya sake ɗauka. Na biyun, mai baƙar sama, shi ne ya shahara. Su dole su yanke shawara kafin su danna kyamara, in sun kuskure an wuce wurin. Kai kuwa kana da duk gilasan nan a hannunka bayan an gama ɗauka, kana iya gwadawa sau ɗari.

Ga yadda nake yi. Kafin komai nakan kwafi fayil ɗin in ajiye na asalin a gefe, ba na taɓa shi. Sannan in leƙa sassan kalar uku ɗaya bayan ɗaya, in ga wanne ya fi ba da hoton da nake so. A Photoshop suna cikin akwatin Channels. A GIMP, wadda kyauta ce, ka shiga Colors, sannan Components, sannan Decompose, za ta warware maka su uku. Minti biyu ne, amma shi ke nuna maka inda za ka dosa.

Daga nan sai haɗi. Photoshop yana da Black & White tun fitowar CS3 a 2007, da silaida shida, wato sandunan da ake ja dama ko hagu: ja, rawaya, kore, shuɗi mai haske, shuɗi, da ja mai sirkin shuɗi da suke kira majenta. Ka sa shi a matsayin leya, wato shimfiɗa ta daban a saman hoton, don ka iya komawa ka sauya ra'ayi. A hotonka, ka ja na ja zuwa dama har furannin su taso, ka rage kore. Za ka lura ganyen bai motsa sosai ba sai ka taɓa rawaya, domin koren ganye a hoto rawaya ce ta fi yawa a cikinsa. Wannan yana rikita masu koyo ƙwarai. Sai ka rage shuɗi biyun, sama ta yi duhu, gajimare ya fito fili. Lightroom silaida takwas gare shi a kan wannan aiki. A GIMP ka nemi Mono Mixer ƙarƙashin Colors da Desaturate, mai lamba uku. Ka fara da ja 0.6, kore 0.3, shuɗi 0.1, ka kula jimillarsu ta tsaya kusa da 1 don kada hasken ya ƙone. Wanda ba ya son saukar da komai, Photopea tana aiki a cikin burauza kuma tsarinta kusan na Photoshop ne. A waya, Snapseed tana da sashen baƙi da fari mai gilasan kala irin na masu fim.

Amma a yi hattara da shuɗi. Na'urar da ke karɓar haske a yawancin kyamarori an jera ta ne bisa tsarin Bryce Bayer na kamfanin Kodak, na 1976: a kowane ɗigo huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Saboda haka sashen kore ya fi tsabta, na shuɗi kuma galibi shi ya fi tsaki-tsaki. Ga kuma JPEG, wanda yake adana haske dalla-dalla amma yake tsuke bayanin kala don fayil ya yi ƙanƙanta. Idan ka ja silaidar shuɗi har ƙarshe, wannan tsukakken bayanin kake tilasta wa ya zama haske. Sai ka ga sama ta yi dabbare-dabbare, ga wani farin zare ya zagaye gefen ganyaye inda suka haɗu da sama. Ka zuƙo hoton zuwa kashi 100 ka duba gefunan nan, da ka ga zaren ka ɗan ja baya. In hoton ta WhatsApp ya zo maka, an riga an matse shi, ba zai jure ja da yawa ba. Ka nemi na asali. In kyamarar tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, shi ne sarki a wannan aiki. In kuma akwai mutum a hoton, ka sani fatar kowane ɗan Adam a ja da ruwan lemo take zaune, don haka taɓa silaidar ja taɓa fuskarsa ne. Ƙarawa kaɗan tana laushin fata, ragewa tana fito da kowane tabo da tamoji.

Bayan haɗi sai tsayar da baƙi da fari na gaske. Hoto da yawa suna zama fayau ne don babu ɗigo ko ɗaya a cikinsu da ya kai baƙi sosai ko fari sosai, komai yana tsakanin 70 da 180. Buɗe Levels ka dubi jadawalin nan mai kama da tudu. In akwai fili a hagunsa ko damansa, ja alamomin gefe har su taɓa gindin tudun, kada ka shiga cikinsa. Sannan a Curves ka ɗan sauke ɓangaren duhu, ka ɗan ɗaga na haske. Kaɗan nake nufi.

To a nan ne hoton fuskar kwamfuta ya rabu da hoton da za a rataya a bango, kuma nan ne na fi ganin ƙwararru ma suna tuntuɓe. Hoton bango shi ake zuwa kallo. Na fuskar kwamfuta kuwa a bayan aikinka yake zaune, alamomin manhajoji da fayiloli suna kansa, kuma idonka zai sauka a kansa sau da yawa kullum. A Windows sunayen da ke ƙarƙashin alamomin nan farin rubutu ne mai ɗan inuwa, kuma daga hagu suke jeruwa. A Mac daga dama suke farawa. Ka sa farin gajimare ko ganye mai yawan zane a wannan gefen, sai ka wayi gari kana lalube kafin ka karanta sunan fayil. Na taɓa kwana biyu ina gyaran hoton reshen bishiya, ya yi kyau matuƙa a cikin manhaja, amma da na ɗora shi, sunayen fayilolina suka nutse cikin rassan. Ban sauya hoton ba, gefen hagun kawai na duhunta, sai komai ya zauna.

Don haka shawarata ita ce ka karkata zuwa duhu. Ka bar furannin su zama wuri mafi haske, a tsakiya ko a gefen da babu alamomi, sauran hoton ya lafa. Ɗauki burushi mai laushin baki, ka rage ƙarfinsa zuwa kamar kashi 10, ka bi gefen alamomin da kusurwoyi da baƙi sannu a hankali a kan sabuwar leya. Masu wankin hoto a ɗakin duhu da hannunsu suke wannan, suna tare haske a wani wuri suna ƙara shi a wani. Fari fat mai faɗi kuma yana gajiyar da ido da dare, gara mafi hasken wurin ya tsaya wajen 230 zuwa 240. Wasu suna cewa baƙin hoto yana rage shan batir. Gaskiya ne a sikirin irin na OLED, inda baƙin ɗigo a kashe yake. A LCD na yau da kullum fitilar baya tana kunne ko hoton baƙi ne ko fari, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Batun girma ba shi da wuya. Duba girman sikirinka a saitin Display: 1366 × 768 ne, ko 1920 × 1080, ko 2560 × 1440, ko 3840 × 2160. Waɗannan duka fasalin 16:9 ne ko dab da shi, wasu laftof kuma 16:10 ne, kamar 1920 × 1200. Waya kuwa galibi 4:3 take ɗauka. Hoto mai 4032 × 3024 in za a mai da shi 16:9, tsayinsa zai koma 2268, wato rubu'insa zai tafi. Kai ka yanke da hannunka, ka zaɓi abin da zai tafi, sannan ka rage shi zuwa daidai girman sikirin. In ka bar wa Windows, zaɓin Fill daga tsakiya yake yanka ba ruwansa da inda furenka yake, Stretch kuwa miƙe hoton yake yi har da'ira ta koma ƙwai. Lambar nan ta DPI, 72 ko 300, ta masu buga takarda ce, ba ta da tasiri a sikirin. Kaifafa hoto kuma a ƙarshe ake yinsa, bayan an rage girma.

Yanzu ga matakalar da ka gani a sama. Ka tuna mataki 256 kaɗai toka take da shi. A ce samanka ta tashi daga 60 a can ƙololuwa zuwa 100 a ƙasa, kuma ta mamaye ɗigo 600 na tsayin sikirin. Mataki 40 ke nan a kan ɗigo 600, kowane mataki ya zama ɗamara mai kaurin ɗigo 15. A hoto mai kala, ja da kore da shuɗi ba sa sauya lamba a wuri ɗaya, sai su rufa wa juna asiri. A toka kuwa tare suke tsallakawa, ido ya kama layin. In ka ƙara da Curves mai ƙarfi, wasu matakan sun ɓace gaba ɗaya, tsallen ya zama bibbiyu ko uku-uku. Wasu sikirin masu araha ma ainihinsu mataki 64 suke iya nunawa, sauran da ƙyaftawa suke kwaikwaya.

Maganin kashi uku ne. Tun kafin ka fara gyara, mai da hoton 16-bit, wato mai dubban matakai maimakon 256: a Photoshop ta Image da Mode, a GIMP ta Image da Precision, ko Encoding a sabuwar fitowa. Wannan ba ya ƙirƙiro bayanin da babu, amma yana hana lissafin gyaran ya riƙa zubar da ɓurɓushin lamba a kowane mataki. Na biyu zai ba ka mamaki: ka zuba wa hoton ɗan tsaki-tsaki da gangan, kashi 1 ko 2, marar kala. Tsakin yana farfasa bakin kowace ɗamara ido ya kasa bin layin, kuma yana ba hoton kamannin fim, abin da ke yi wa baƙi da fari kyau. Na ukun shi ne adanawa. Windows ba ya nuna JPEG ɗinka yadda ka ba shi, yana sake matse shi ya ajiye kwafi mai suna TranscodedWallpaper, kuma wannan matsi na biyu a shimfiɗaɗɗiyar sama ya fi nunawa. Ka adana a PNG ka huta. Akwai masu shiga rajistar Windows su ƙara JPEGImportQuality su sa masa 100, yana aiki, amma ban ga dalilin taɓa rajista ba tunda PNG ya wadatar.

Wani tarko kuma: kada ka mai da fayil ɗin zuwa yanayin Grayscale wajen adanawa. Bar shi a RGB, da bayanin kala na sRGB, ko da yake babu kala a cikinsa. Photoshop yakan liƙa wa fayil ɗin Grayscale ma'aunin da aka tsara don tawada da takarda, abin da ke nuna hoton fuskar kwamfuta kuwa ba lallai ya karanta shi ba, sai ka ga hoton ya fi yadda ka bar shi duhu ko haske.

In ka ɗora ka ga tokar ta ja zuwa rawaya, duba ko Night light na Windows ko Night Shift na Mac a kunne yake. In kuma shuɗi-shuɗi ko kore-kore ta yi, sikirin ne. Toka tana tona asirin sikirin fiye da kowace kala. Ka shiga maɓallan jikinsa ka zaɓi sRGB ko 6500K. Ni kaina nakan ɗan ɗumama hoton da gangan, in sa masa ɗigon ruwan ƙasa kaɗan wanda ba a gane shi sai an jera da toka tsantsa, domin ya fi kwanciya a ido. Wannan ra'ayina ne, wani ya fi son tokar yadda take.

Abu biyu da ake rikitawa da wannan aiki, in ambata a gurguje. Threshold yana mai da kowane ɗigo baƙi ko fari zalla babu toka, ya dace da tambari ko rubutu, zai lalata furanninka. Sannan Color filters da ke sashen Accessibility na Windows yana mai da sikirin ɗin gaba ɗaya toka, har bidiyo da shafukan intanet, ba hoton baya kaɗai ba. In ka taɓa kunna shi bisa kuskure, Windows da Ctrl da C ne gajeriyar hanyarsa, matuƙar an ba ta izini a saitin.

Ga abin da zan so ka yi da hoton nan naka. Koma kan na asali mai kala, ka fitar da iri biyu: ɗaya furanni masu haske a kan ganye mai duhu da sama mai duhu, ɗaya furanni baƙaƙe a kan ganye mai haske. Ka ɗora kowanne ya yini ya kwana a kwamfutar, ka gan shi da hasken rana, ka gan shi da dare, alamominka suna kansa. Ina kyautata zaton na farkon za ka riƙe. In ka ga farin zare a gefen ganyen bayan ka duhunta sama, mayar da silaidar shuɗi baya kaɗan, ka ƙarasa duhun da burushi.